Ƙasa Ɗaya Daga Kogi Zuwa Teku: Za Ta Yiwu, Kuma Za Ta Ɗore?

 

Iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, ƴan'uwana matasa maza da mata, na gode da kuka ba ni wannan dama, alhali a cikinku akwai waɗanda suka fi ni ilimi da shekaru nesa ba kusa ba. Ni ɗalibi ne har yanzu. Inda na yi kuskure, a gyara mini.

Bari in faɗa muku inda wannan magana ta samo asali. Wani dare muna zaune a fada, ana dafa shayi, waya tana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa na kallon hotunan Gaza. Rai ya ɓaci. Wani daga cikinmu ya ce in sha Allah sai an ƴanta ƙasar nan daga kogi har zuwa teku, duka muka ce amin. Sai wani ƙanenmu ɗan lise, wanda aikinsa a fadar bai wuce hura gawayi ba, ya ɗago kai ya ce: "To yaya, ranar da aka ƴanta ta, Yahudawan da ke ciki ina za su?" Aka yi shiru. Can wani ya ce su koma inda suka fito. Aka yi dariya, aka ci gaba da shayi. Ni dai na kwana da tambayar, don na san abin da aka ba yaron ba amsa ba ce. Tun daga ranar nake bin zancen, kuma abin da na tarar shi ne zan shimfiɗa muku yau.

Mu fara da girman wurin, don da yawanmu muna ɗaukarsa wata makekiyar ƙasa ce. Duk abin da ke tsakanin Kogin Urdun da Bahar Rum, wato Isra'ila da Gaɓar Yamma da Zirin Gaza a haɗe, bai wuce murabba'in kilomita dubu 27 ba. Jihar Maraɗi kaɗai ta fi shi girma. Daga Tel Aviv a bakin teku zuwa bakin kogin bai kai nisan Maraɗi zuwa Tasawa ba. Gaza kuwa murabba'in kilomita 365 ce, kuma mutum fiye da miliyan 2 ne a matse a ciki. A wannan ɗan fili akwai Yahudawa wajen miliyan 7 da Falasɗinawa wajen miliyan 7. Ku riƙe wannan lissafi da kyau, don duk rigimar ƙasa ɗaya a kansa take juyawa. Kusan kunnen doki ne.

Sannan batun "su koma inda suka fito". Fiye da kashi 70 cikin 100 na Yahudawan Isra'ila a can aka haife su. Kusan rabinsu kuma asalin kakanninsu ba Turai ba ne: daga Maroko suka zo, da Iraƙi, da Yaman, da Masar, da Tunisiya, da Libiya, da Iran. Wanda kakansa ya baro Bagadaza a 1951, ina za ka maida shi? Ba shi da wata ƙasa da ke jiransa. Wannan ba ya wanke zaluncin da aka yi wa Falasɗinawa ko kaɗan. Amma duk wanda yake neman mafita ta gaske, dole ya fara daga cewa mutanen nan miliyan 14 suna nan, kuma babu ɓangaren da zai ɓace.

Shawarar ƙasa ɗaya ba sabuwa ba ce, kuma abin da zai ba ku mamaki shi ne wasu Yahudawa suna cikin waɗanda suka fara kawo ta. A 1925, lokacin mulkin Ingila, wasu masana suka kafa ƙungiyar Brit Shalom a Birnin Ƙudus, suna kiran a yi ƙasa guda ta al'umma biyu. Daga baya Judah Magnes, shugaban Jami'ar Ibraniyanci ta Ƙudus, da masanin falsafa Martin Buber suka ci gaba da kiran a wata ƙungiya mai suna Ihud a 1942. Ba su taɓa yin yawa ba. Shugabannin Sahayoniya suna kallonsu a matsayin masu mafarki, Larabawa kuma suna cewa: don me za mu raba mulki daidai wa daida da baƙin da Ingila ta shigo da su? Kuma suna da hujja, domin a ƙidayar 1922 Yahudawa kashi 11 ne kawai cikin 100 na mutanen ƙasar. A 1939 Ingila da kanta ta fito da takarda tana cewa cikin shekara goma za a yi ƙasa ɗaya mai ƴanci, kuma za a taƙaita shigowar Yahudawa zuwa dubu 75 a shekara biyar. Sahayoniyawa suka ƙi, shugabancin Larabawa ƙarƙashin Mufti Amin al-Husaini shi ma ya ƙi. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Hitila ya hallaka Yahudawa miliyan 6 a Turai, kuma daga nan zancen "mu zauna a matsayin tsiraru a ƙasar wani" ya mutu a zuciyar mafi yawan Yahudawa.

Ko a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947, shawara biyu aka kawo. Wakilan Indiya da Iran da Yugoslabiya sun ba da shawarar tarayya guda. Rinjaye ya zaɓi rabawa: ranar 29 ga Nuwamba, ƙasa 33 suka amince, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Aka ba Yahudawa wajen kashi 55 na ƙasar, alhali su kashi ɗaya bisa uku ne na jama'a, kuma filin da suka mallaka bai kai kashi 7 ba. Abin da ya biyo baya kun san shi, Nakba: Falasɗinawa fiye da dubu 700 aka kora ko suka tsere, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai, Isra'ila ta tashi da kashi 78 na ƙasar. A 1967 ta mamaye ragowar.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, su ma Falasɗinawa ƙasa ɗaya suka fara nema. A ƙarshen shekarun 1960 ƙungiyar Fatah ta ce burinta ƙasar dimokuraɗiyya ce wadda Musulmi da Kirista da Bayahude za su zauna a ciki, kuma Yasir Arafat ya maimaita hakan a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1974. Sai a 1988, a Aljas, suka sauko suka karɓi ƙasa biyu, wato suka yarda da kashi 22 na ƙasar kakanninsu. A kan haka aka yi yarjejeniyar Oslo a 1993.

To me ya sa zancen ƙasa ɗaya ya dawo? Saboda abin da ya faru da filin da aka ce za a gina ƙasar Falasɗinu a kai. Lokacin Oslo, Yahudawa ƴan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus ba su kai dubu 300 ba. Yau sun haura dubu 700. An yanka Gaɓar Yamma gida uku, A da B da C, kuma yankin C, wanda ya kai kashi 60 na filin, yana hannun sojan Isra'ila gaba ɗaya. Garuruwan Falasɗinawa sun zama kamar tsibirai, tsakanin kowane da ɗan'uwansa akwai shinge da hanyar da ba su da izinin bi. Edward Said ya rubuta a 1999 cewa rabawa ta riga ta gagara. Masanin tarihi Tony Judt, wanda shi Bayahude ne, ya faɗi kusan haka a 2003, aka yi masa ca. A shekarar nan ce maƙwabcinmu Gaddafi ya fito da nasa tsarin, har ya raɗa wa ƙasar suna "Isratin". Mutane sun yi dariyar sunan, amma tambayar ba ta dariya ba ce. A Yulin 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a, 68 da 9, tana ƙin kafa ƙasar Falasɗinu. A Satumban 2025 Faransa da Ingila da Kanada da Ostireliya sun amince da ƙasar Falasɗinu a takarda, amma takarda ba ta tashi ko gida ɗaya na ƴan kama-wuri-zauna ba.

Ga abin da ni na fahimta, kuma ina so ku auna shi. Ƙasa ɗaya ta riga ta kasance. Soja ɗaya ne ke iko daga kogi zuwa teku. Kuɗi ɗaya ake kashewa, shekel. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da iyakoki, da sararin sama, da rajistar haihuwa, da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da babu shi ne daidaito. Bayahude, ko a Tel Aviv yake ko a tsakiyar Gaɓar Yamma, ɗan ƙasa ne cikakke, yana zaɓe, kotun farar hula ke yi masa shari'a. Bafalasɗine kuwa, darajarsa ta danganta da katin da ke aljihunsa. In ɗan Nazarat ne ko Haifa, yana da takardar ɗan ƙasa, yana zaɓe. Su wajen miliyan 2 ne, kuma sun zauna ƙarƙashin dokar soja har 1966. In ɗan gabashin Ƙudus ne, "mazaunin dindindin" ake ce masa a garin da aka haifi kakansa, kuma ana iya ƙwace masa wannan matsayi. In ɗan Nablus ne ko Halil, kotun soja ke yi masa shari'a, ba ya zaɓen gwamnatin da ke iko da rayuwarsa. In ɗan Gaza ne, kun ga abin da idonku ya gani. Shi ya sa ƙungiyar B'Tselem, wadda ta Isra'ilawa ce, ta kira tsarin wariyar launin fata a 2021, Human Rights Watch da Amnesty suka bi baya. Kotun Duniya ta birnin Heg kuma ta bayyana a Yulin 2024 cewa mamayar haramtacciya ce.

Saboda haka masu kiran ƙasa ɗaya suna cewa: tunda an riga an haɗa mu a gida ɗaya da ƙarfi, to a ba kowa ƙuri'a ɗaya. Magana ce mai ƙarfi, kuma shugabannin Isra'ila sun san ƙarfinta. Ehud Olmert, yana firaminista a 2007, ya yi gargaɗin cewa ranar da batun ƙasa biyu ya rushe, aka koma gwagwarmayar neman ƙuri'a irin ta Afirka ta Kudu, to ƙasar Isra'ila ta ƙare.

Nan ne kuma wahalar take. Wannan magana ta Olmert ita ce hujjar masu kiran, ita ce kuma dalilin da zai sa a ƙi. An gina Isra'ila ne a kan abu guda: a samu wuri ɗaya a duniya inda Yahudawa ne masu rinjaye kuma bindiga tana hannunsu. Dokar Komowa ta 1950 ta ba kowane Bayahude na duniya izinin zuwa ya zama ɗan ƙasa. Dokar 2018 ta ce ƴancin yanke makomar ƙasa na al'ummar Yahudawa ne kaɗai, ta kuma sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Ka ce wa mai wannan tunani ya yarda da ƙasar da zai zama rabi, gobe ya zama ƙasa da rabi, kamar ka ce masa ya rushe gidansa da hannunsa ne. Ga kuma ƴan gudun hijira: hukumar UNRWA tana da rajistar mutum kusan miliyan 6 a Urdun da Labanan da Siriya da Gaza da Gaɓar Yamma. Ƙasar da ta ce kowa daidai ne ba za ta buɗe ƙofa ga Bayahuden Nuyok ta rufe ta ga wanda har yau makullin gidan kakansa na Yafa ke rataye a ɗakinsa ba. In kuwa ta buɗe wa duka biyun, lissafin kunnen doki ya tashi. Kowa a can ya san wannan, ko bai faɗa ba.

Kada kuma ku ɗauka Falasɗinawa suna rububin ƙasa ɗaya. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Khalil Shikaki da ke Ramalla ta sha yin wannan tambaya tare da masu bincike na Jami'ar Tel Aviv, kuma masu goyon bayan ƙasa ɗaya mai daidaito tsiraru ne, a tsakanin Falasɗinawan yankunan mamaya ko a tsakanin Yahudawa. Mutumin da ya shekara saba'in da wani abu yana neman tutarsa da fasfonsa ba lalle ya so a ce masa ya haƙura ya shiga gida ɗaya da wanda ya rushe masa gida ba. Akwai kuma tsoron talauci. Kafin yaƙin nan, abin da ke faɗa wa kowane mutum a Isra'ila a shekara, in an raba arzikin ƙasa, ya haura dala dubu 50; a yankunan Falasɗinawa bai kai dala dubu 4 ba. A haɗa su yau, wa zai zama mai kamfani, wa zai zama lebura? Ƙuri'a ba ta sauya wannan cikin dare ɗaya.

Sai jini. Ranar 7 ga Oktoban 2023 an kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, akasarinsu farar hula, aka tafi da wajen 250. Bayan haka, a lissafin ma'aikatar lafiya ta Gaza, waɗanda aka kashe sun haura dubu 60, mata da yara birjik, unguwanni sun koma tarin ƙasa. Yaron da ya tono mahaifiyarsa daga ƙarƙashin gini, da matar da aka kashe wa ƴa a gidanta a safiyar nan, su ne ake so su tsaya a layin zaɓe ɗaya. Duk wanda ya ce muku wannan abu ne mai sauƙi, bai girmama ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu matasan Afirka, da an ce ƙasa ɗaya sai Mandela ya faɗo mana a rai. Misalin yana da amfani, amma mu duba inda ya bambanta. A 1994 Turawan Afirka ta Kudu wajen mutum ɗaya ne cikin takwas. Ba su da hanyar riƙe mulki har abada. Ma'adinansu da gonakinsu a kan gumin baƙar fata suke tafiya, yajin aiki yana durƙusar da su. Isra'ila kuwa tun shekarun 1990 ta rage dogaro da leburorin Falasɗinawa, ta shigo da ma'aikata daga Tailan da Filifin. Sannan ANC tun 1955 ta rubuta a fili cewa ƙasar ta duk wanda ke zaune a cikinta ce, baƙi da fari, ta shekara arba'in tana nanata wannan har Bature ya fara yarda ba za a jefa shi teku ba. Wasu kuma Aljeriya suke hange, inda Turawa kusan miliyan ɗaya suka tattara suka bar ƙasar a 1962. To su suna da Faransa a ƙetaren ruwa. Na riga na faɗa muku waɗannan ba su da ita.

Misalin da ya fi ba ni tsoro shi ne Labanan, don a bakin ƙofarsu take. A 1943 aka raba mulki bisa addini: shugaban ƙasa Kirista Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a. An gina rabon a kan ƙidayar 1932, kuma har yau ba a sake wata ƙidaya ta hukuma ba, don kowa na tsoron abin da lissafi zai nuna. Ƙasar da ke tsoron ƙirga ƴaƴanta ke nan. Daga 1975 zuwa 1990 suka yi yaƙin basasa, mutum fiye da dubu 100 suka mutu. Tsibirin Kubrus ma an gwada: tsarin mulkin haɗin gwiwa na Girkawa da Turkawa na 1960 shekara uku kawai ya yi. Amma kada mai son rabawa ya yi murna, don mun ga Sudan. An raba ta a 2011, kuma ba Kudu ba Arewa, babu wadda ta huta.

Inda na ga darasi mai amfani shi ne Ailan ta Arewa. Shekara talatin ana kashe juna, mutum wajen 3,500 suka mutu, sai yarjejeniyar 1998. Ba a ce wa kowa ya bar asalinsa ba: kana iya riƙe fasfon Ailan, ko na Birtaniya, ko duka biyu. Aka sake fasalin ƴan sanda, aka yi shekaru ana ɗaukar sababbi rabi daga Katolika rabi daga sauran. Wannan batu na wa ke riƙe da bindiga, a ganina, shi ne zuciyar tambayar "za ta ɗore?". Rubuta kundin tsarin mulki mai kyau ba wuya; mu nan mun ga kundi nawa aka rubuta aka ajiye. Wuyar ita ce daren da bam ya tashi a kasuwa: sojan da za a tura, na wa ne? Alƙalin da zai yanke hukunci, duka ɓangarorin sun yarda da shi? In amsar ita ce kowa zai ruga wajen nasa, to ƙasa ɗaya ce a taswira kawai.

Yanzu bari in taɓo namu ɓangaren, da izinin malamai. Mukan ce ai Musulmi da Yahudawa sun zauna lafiya shekaru aru-aru kafin Sahayoniya, kuma akwai gaskiya mai yawa a ciki. Yarjejeniyar Madina ta sa ƙabilun Yahudawa cikin al'ummar gari, da addininsu da haƙƙinsu. Da Sifaniya ta kori Yahudawa a 1492, daular Usmaniyya ce ta karɓe su. Har yau makullin babbar majami'ar Kiristoci ta Ƙudus yana hannun gidajen Musulmi biyu, Juda da Nusaiba. Abin alfahari ne. Amma matsayin zimmi kariya ce ƙarƙashin mulkin wani, ba daidaiton ɗan ƙasa da ɗan ƙasa ba ne, kuma babu Bayahuden Isra'ila da zai karɓe shi a yau, kamar yadda mu ma ba za mu karɓi irinsa a ƙasar wani ba. Tarihin ma ba fari ne tas ba. Shehu al-Magili, wanda ya zo Ayar da Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat a ƙarshen ƙarni na 15, kuma tun a lokacin akwai malaman da suka saɓa masa. A Halil, a 1929, an kashe Yahudawa 67, kuma maƙwabtansu Larabawa ne suka ɓoye ɗaruruwa a gidajensu. A Halil ɗin dai, cikin azumin 1994, Baruch Goldstein ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim ya harbe masallata 29. Gari ɗaya, kabari ɗaya da duka ɓangarorin ke kira na kakansu. In za mu ba da labarin, mu ba da shi duka. Kuma mu kiyaye harshenmu: wanda ya zagi Bayahude don Bayahude ne, ya zagi har da waɗanda ke zuwa su tsaya tsakanin manoman zaitun da ƴan kama-wuri-zauna, ya kuma ƙara wa masu cewa "kun gani, ba za a iya zama da su ba" hujja.

Shin akwai inda zaman ke aiki? Akwai, ƙanana. A asibitocin Haifa da Ƙudus likita Balarabe yana yi wa Bayahude aiki, nas Bayahudiya tana karɓar haihuwar Bafalasɗiniya. A 2021 jam'iyyar Mansur Abbas, mai tushen Musulunci, ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa ta Isra'ila. A 2022 Khaled Kabub ya zama Musulmi na farko da aka naɗa alƙalin dindindin a kotun ƙoli. Akwai ƙauyen Wahat as-Salam da iyalai na ɓangarorin biyu suka gina tare. Wanda ya fi taɓa ni shi ne makarantun Hand in Hand, inda ake koyarwa da Larabci da Ibraniyanci a aji ɗaya. Ni da na yi makarantar faranko-arab, na san abin da harshe biyu ke yi wa kan yaro: yana koya masa cewa abu ɗaya yana iya amsa suna biyu. A can, ranar da ɗaya ke kira ranar ƴanci, ɗayan Nakba yake kiranta, kuma suna zaune a benci ɗaya. A 2014 masu tsattsauran ra'ayi suka cinna wa ta Ƙudus wuta. Aka gyara, aka koma aji. Sai dai ɗaliban irin waɗannan makarantu ƴan dubbai ne a cikin miliyoyi, kada mu ruɗi kanmu.

To ina na tsaya? Ta fuskar adalci, ban ga yadda za a ƙi ƙasa mai ƙuri'a ɗaya ga kowa ba, matuƙar an hana Falasɗinawa tasu. Ta fuskar yiwuwa, ban ga alamar tana kusa ba, kuma in aka ƙaƙaba ta gobe a kan mutanen da ba su yarda da juna ba, Labanan nake hange, ba Afirka ta Kudu ba. Abin da na fi ganin yana da ƙafa shi ne wani abu a tsakani, irin wanda ƙungiyar A Land for All ta Isra'ilawa da Falasɗinawa ke kira tun 2012: ƙasa biyu, kowace da majalisarta da tutarta, amma iyaka a buɗe, Ƙudus ta kowa, ruwa da tattalin arziki a haɗe. Ɗan gudun hijira yana iya zama a Haifa yana zaɓe a Falasɗinu. Bayahude yana iya zama kusa da Halil ƙarƙashin dokar Falasɗinu yana zaɓe a Isra'ila. Da haka an raba wurin zama da wurin ƙuri'a, tsoron lissafi ya ragu. Yana da ramuka, na sani. Filin da aka ƙwace fa, a bar wa wanda ya ƙwace? Wa zai kare wa? Kuma shi ma ba zai taɓa farawa ba sai mai ƙarfi ya ga cewa riƙe halin da ake ciki ya fi sakinsa tsada, abin da ba zai faru ba muddin Amurka tana biyan kuɗin makamai tana kuma hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu.

Akwai kuma aikin da ke kan Falasɗinawa kansu, kuma faɗinsa ba cin amana ba ne, don su suka fi kowa faɗi. Rabon da su yi zaɓen majalisa tun 2006. An zaɓi Mahmud Abbas a 2005 don shekara huɗu, ga shi har yau. Tun 2007 Gaza da Ramalla kowace da nata shugabanci. Mutumin da ke yawan zuwa kan gaba in an tambayi jama'a wa suke so, Marwan Barguti, yana kurkukun Isra'ila tun 2002. Ko ƙasa ɗaya ce, ko biyu, ko tarayya, sai an sami wanda zai sa hannu da sunan mutane kuma mutanen su ce e, namu ne. A ɓangaren Isra'ila, wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar Oslo, Yitzhak Rabin, ɗan ƙasarsa ne ya harbe shi a Nuwamban 1995.

Shugaban zama yana yi mini alama da agogo. Ban taɓo batun Masallacin Al-Aƙsa da yadda za a tsare shi a kowane irin tsari ba, kuma na san shi ne tambayar farko da za ta fito daga layin baya. Ku yi ta, malamai suna nan za su taimake ni.